Sunan Alhasan a Fuskar Kwamfuta Arba'in

A wani gidan abinci bayan kasuwar Canaan, can ƙasar waje inda nake saro kaya, muka ƙulla da Alhasan, ɗan unguwarmu Fagge da ke karatun kwamfuta a jami'a a can. Na kwashi tsofaffin kwamfutoci arba'in wurin wani laoban, wato mai shago a yaren can, don in sayar wa masu makarantu a Kano. Alhasan zai zuba musu manhajar Linux, ni kuma in bar shi ya rubuta sunansa a fuskar kowace, don yana shirin buɗe shagon gyara in ya koma Kano. Iyakar abin da ya nema ke nan.

Ya nuna mini fuska iri biyu. Ɗaya fayau, kamar shaddar da ba a yi wa aiki ba. Ɗaya kuwa tagoginta sai sheƙi suke.

Na nuna mai sheƙin na ce, "Wannan."

Ya ce, "Alhaji, bi a hankali. Tagogin nan da maɓallansu duk ɗinki ne, kuma gidan tela biyu ne, GTK da Qt. Manhajojin da na shirya wa masu makarantu ɗinkin gidan farko ne, fuskar da ka zaɓa ta gida na biyu ce. In aka haɗa, na'ura za ta ɗauki kayan gida biyu, ga ta tsohuwa."

"Malam Boko, shekara ashirin ina sayar da tufafi. Bakano da ido yake saye."

"Da baki kuma yake ramawa, Alhaji."

Na yi dariya. Wasannin Olamfik da za a yi a ƙasar sun matso, biza ta yi wuya, tawa saura kwana tara, ga kwantena na jira a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Na ce ko mai sheƙi, ko in nemi wani. Ya zuba mai sheƙin.

Ranar lodi, da idona na ga ɗaya ta sandare a sito. Na kashe ta, na mayar kwali, ban gaya masa ba.

A Kano mai ƙarfin cikinsu na ɗora a tebur ina nunawa. Sati biyu suka ƙare.

Bayan shekara Alhasan ya dawo, ya kafa allon shago. Masu makarantu na ganin sunan suka gane shi.

"Au, kai ne mai kwamfutar da ke suma?"

Wata bakwai ya rufe. Har yau in mun haɗu a masallaci shi ke fara gaishe ni, ni kuwa sai in kama neman takalmina. Ban taɓa gaya wa kowa ni na zaɓi fuskar ba.

Ni na ci riba. Alhasan ya yi asarar suna tun bai fara cin moriyarsa ba.