Ramin da Aka Buɗe wa Kansila

Ma'aikatan ƙaramar hukuma ne suka zo da motar haƙa, suka tsaga layin daga farko har ƙarshe, wai za a yi magudanar ruwa. Suka yi rami mai zurfi, suka kafa ƙarafa a ciki, daga nan aka neme su aka rasa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Da mutanen layin suka gaji, suka haɗa kai za su zuba siminti su rufe abinsu, sai aka aiko musu cewa doka ta hana kowa taɓa aikin hukuma. Ita ba ta yi ba, ba ta kuma bari an yi ba.

Masu ƙafa da ido tsallakewa suke yi. Wanda abin ya fi shafa shi ne Baba Tela, tsohon da ramin ya ratsa ta ƙofar gidansa. Idonsa ya mutu, sai haske da duhu kawai yake rarrabewa. Ya daɗe da barin keken ɗinki, amma kullum sai ya dogara sanda ya tafi shago, ya zauna yana shafa ɗinkin da aka gama, yana cewa wannan wuyan ya karkace. 'Yarsa Auta ta yi magiya har ta gaji a kan ya zauna a gida.

"Ke dai ki bar ni," yakan ce. "Fitar nan ita ce ta rage mini."

Kafintan layin ne ya ji tausayinsa, ya kawo katakai masu kauri ya shimfiɗa a ƙofar. Da farko Baba sai ya ƙwanƙwasa su da sanda kafin ya taka. Da tafiya ta yi tafiya ya daina, ƙafa ta riga ta haddace wurin.

Wata safiya labari ya zo cewa Kansila zai shigo ya duba ramin da idonsa. Murna wajen mutanen layin ba a magana, kai ka ce yau za a gama aikin. Aka share ƙofar gidaje, aka jera bencina. A nan ne wani direba da ake kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa, ya kawo shawara.

"Jama'a, ni na san mutanen nan. In ya ga katako, cewa zai yi ai kuna wucewa lafiya. A ɗauke su, ya ga ramin yadda aka bar mana shi."

"To Baba fa?" in ji Kafinta.

"Haba malam, ai tun ɗazu ya tafi shago. Kafin ya dawo mun mayar."

Kowa ya ce dabara ta yi. Kafinta da kansa ya ɗage katakan ya jingine su a bango.

Aka zauna jira. Aka buga waya, aka ce yana hanya. Rana ta take, aka sake bugawa, aka ce yana taro. Can kuma wayar ta daina shiga gaba ɗaya. Yunwa da rana suka fara kwashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Kafinta ya tashi zai mayar da katakan, Rediyo ya ce a ɗan ƙara haƙuri, manya ba sa zuwa da wuri. Aka kira Kafinta wurin aiki, ya tafi. Kowa ya ɗauka wani ya aika wa Baba cewa an ɗauke katakan.

Shi kuwa a shago ya ji labarin zuwan Kansila, ya ce lallai yana da ta cewa, tunda a ƙofarsa abin yake. Ya baro shago tun kafin lokacinsa. Auta tana wanke-wanke a tsakar gida ta ji ƙarar faɗuwa, sannan ta ji muryar mahaifinta yana salati daga ƙasa.

Ƙugunsa ne ya karye. Likita ya ja Auta gefe ya gaya mata gaskiya, cewa a shekarunsa da wuya ya sake takawa. Abin baƙin ciki ne ƙwarai, tsohon da bai roƙi kowa komai ba sai hanyar fita daga gidansa.

Washegari Kafinta da Rediyo suka je asibiti dubiya. Ranar Rediyo ko tari bai yi ba. Kafinta ya durƙusa a gefen gado, ya fara ba da haƙuri.

"Tashi, ɗana," in ji Baba. "Auta ta gaya mini yadda aka yi. Don alheri kuka yi." Ya ɗan numfasa, ya juyo da fuskarsa inda yake jin motsinsu. "To Kansilan, ya dai ga ramin ko?"

Kafinta ya dubi Rediyo, Rediyo ya dubi ƙasa.

"Ya gani, Baba," in ji Auta.

"To alhamdu lillahi. Ashe ban faɗi a banza ba."

Auta ta gyara masa matashin kai, ta ce bari ta ɗebo ruwa, ta fita baranda ta yi kukanta.