Jemar Inna Safiyyatu

Tsirrai biyu suka rage a fadamar bayan gidan Inna Safiyyatu a Tumfure, kajiji da jema, kuma dukansu sun kusa ƙarewa. Shi kajiji farin jini ne ya ja masa. Masu haɗa turaren wuta sun tone shi har saiwa, da ƙyar suka bar na iri. Ita kuwa jema rashin masoyi ne ke kashe ta. Tun da marigayi Bamanga, mijin Inna, ya daina saƙa zana da ita, ba mai ko kallonta. Sai ga masu filoti sun zo sun kafa duwatsunsu a tsakiyar fadamar.

Ranar da ɗanta Babayo ya zo ɗaukarta ta koma gidansa a Bolari, ya ce bokiti ɗaya kawai keke napep ɗin da ya kawo zai iya ɗauka, kuma tsakar gidansa duk siminti ne. Ya ba ta shawara ta ɗauki kajiji, ko ba komai matarsa za ta yi murna. Babayo ke nan, kullum da lissafin abin da zai yi amfani.

"Kajiji yana da masu nemansa, wani zai dasa shi a wani wuri," in ji Inna. "Wannan ba ta da kowa."

Ta tono jemar da hannunta, da lakarta da komai.

A Bolari ta ajiye bokitin kusa da famfo. Ta wanke saiwa kaɗan ta jefa a randarta, kamar yadda ta saba shekara arba'in, don ruwa ya yi ƙamshi. Ba wanda ya sha. Kowa na firji yake nema. Da safe gidan ya watse, mai aiki ya tafi aiki, mai makaranta ya tafi makaranta, a bar ta da bokiti. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, har takan ba jemar labarin Tumfure.

Wata rana da azahar aka ɗauke wuta, Babayo ya shigo da ƙishirwa ya nufi randar. Zuciyar Inna ta yi fari. Da wannan ruwan ta yaye shi, shi ya sha har ya yi gemu.

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya leƙa cikin moɗar.

"Inna, ruwan nan ya lalace, wani wari yake yi. Bari a zubar a wanke miki randar."

Ta ce to. Ta karɓi moɗar daga hannunsa, ta shanye sauran.