Bakan Bahago

Ƙarar ta fi ta bindigar toka. Kafin Yunus ya gane abin da ya faru, tsirkiyar ta zabge shi a damtsen hagu, taya ɗaya ta fice daga kan bakan ta daki silin ta faɗo cikin tulin takalman gwanjo. Abin da ya rage a hannunsa ya karkace kamar ƙafar akuyar da mota ta taka. Jini ya fara tsattsafowa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

Alhaji Babaji, mai shagon, ya taso daga kan dilar da yake kwancewa, rezarsa a hannu. Ya dubi bakan, ya dubi silin, sannan ya dubi Yunus.

"Me ka yi masa?"

"Muryarsa nake son ji, Alhaji."

Alhaji Babaji ya maimaita kalmar a hankali, kamar wanda ya taka ƙusa yana jiran zafin ya iso. Daga nan ya buɗe baki. Ya ce shi tun kakansa ya baro Kano suke saye da sayarwa a Potiskum, bai taɓa ganin wanda ya shigo sayen kaya ya kashe kayan don ya ji kukansu ba. Ya ce bakuna uku kacal suka zo a cikin kwantenar, kuma wannan baƙin shi ne babbansu, har wani soja ya ce zai dawo ya gani. Masu ɗinkin takalmi na ƙofar shagon suka leƙo. Babu wanda ya tambayi hannun Yunus.

Shi kuwa Yunus bai yi komai ba sai abin da ya ga mahaifinsa yana yi. Joda, maharbin da aka sani daga rugagen bayan Damagum har Nangere, ba ya ɗora kibiya a kan bakan da bai ji muryarsa ba. Zai ja tsirkiya haka nan babu kibiya, ya kawo ta kusa da kunne, ya saki. In ta yi amo mai zurfi ya karɓa, in ta yi kukan gwangwani ya mayar wa mai shi. Yunus ya ga haka sau ba adadi, amma daga nesa, daga gindin turken maruƙa, domin tun ranar da Joda ya karɓe baka daga hannunsa yana yaro bai sake miƙa masa ba. Shanun suka ƙare, Joda ya rasu, rugar ta watse. Yunus ya gangaro gari ya zama ɗan lodi a kara, yana tura shanun wasu cikin tireloli, har wani bijimi ya matse shi da ƙofar mota ya goce masa kafaɗar dama. Yanzu yana da ɗaki guda a unguwar Dogo Nini, da tabarma, da bakan Joda rataye a bango wanda ko rabi ba ya iya ja. Ya wuce shekara talatin bai taɓa harba kibiya ba, kuma abin da yake so a duniya ke nan.

Alhaji Babaji ya fizge ragowar bakan ya nuna masa ƙofa. A daidai nan Malama Hanatu ta shigo tana karkaɗe lema.

Ita ce mafarin zuwansa. Malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata, ta koyi harbin baka lokacin da ta yi hidimar ƙasa a kudu, kuma duk Asabar takan jera buhunan ƙaiƙayi a bayan filin makarantar ta koya wa ɗalibanta. Yunus ya daɗe yana tsayawa a bakin wayar shingen filin in ya taso daga kara, yana kallo. Ranar da ta gaji da ganinsa ta tambaye shi abin da yake so, sai ya nuna bakan. Ta ce nata na yara ne, amma ta ji an kawo wa Alhaji Babaji irin mai tayoyin nan, wanda nauyinsa ke sauka in an ja shi ya kai ƙarshe, ko mai ciwon kafaɗa zai iya riƙewa. Ta ce ya jira ta a shagon, kada ya taɓa komai. Ruwan sama ya tsare ta.

Kallo ɗaya ta yi wa bakan ta gane. Ta tambaya ko babu kibiya ya saki, ya ɗaga kai. Ta zaro hankici ta ba shi ya ɗaure hannun, sannan ta yi masa bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Bakan itace yakan haɗiye ƙarfinsa in an sake shi fayau, amma wannan duk ƙarfin da tayoyin suka tara kibiya ce ke tafiya da shi. In babu kibiya, a jikinsa yake hucewa.

Alhaji Babaji ya ce ai bayani ba ya mayar da taya. Ya ce ta kwashi ɗan Fulaninta su tafi, sauran biyun ko inuwarsa ba za ta faɗa kansu ba.

Yunus ya juya zai fita. Ya riga ya ga hanyar: kwatar da ta cika da ruwa, lungun Dogo Nini, ƙofar langa-langa, da bakan Joda yana kallonsa daga bango. Malama Hanatu ta ce ya tsaya.

Ta ce wa Alhaji tana da wanda ya iya gyaran irin wannan a Kano, za ta aika masa da baƙin da kanta. Alhaji ya ɗan sassauto, amma ya ce shuɗin, na biyu, ya ajiye wa sojan a madadin wanda aka kashe. Sai dai in ɗan ƙaramin can suke so. Ya nuna saman kanta yana dariya.

Ƙaramin baka ne, launin ruwan hoda, an manna masa hoton malam-buɗe-littafi a gefe. Alhaji ya ce tun da aka buɗe kwantenar babu wanda ya taya shi. Kowa ya ɗauka sai ya ajiye ya ce a murɗe aka ƙera shi, mazaunin kibiyar yana ɗaya gefen.

Malama Hanatu ta sauko da shi ta juya shi a hannu. Ta ce ba a murɗe yake ba, na bahago ne. Ta yi ajiyar zuciya za ta mayar, sai idonta ya faɗa kan Yunus. Yana ɗaure hankicin, kuma hannun daman da ke ƙulla shi yana ta kuskure, yatsun hagun da ke ciwo su ne suke lanƙwasowa suna gyara ƙullin.

Ta ce ya miƙe hannayensa ya haɗa tafukan ya bar 'yar kafa a tsakiya, ya dubi agogon bango ta cikinta. Ya yi. Ta ce ya rufe idon dama. Agogon yana nan. Ta ce ya buɗe, ya rufe na hagu. Agogon ya ɓace.

"Malam Yunus, da wane hannu aka haife ka?"

Ya sauke hannayen. Ya dubi masu ɗinkin takalmin da suka cika ƙofa. "Da dama nake cin abinci, Malama."

"Ba abinci na tambaye ka ba."

Ya tuna ranar. Joda ya ɗora masa bakan a hagu don ya ja da dama, shi kuma ya sauya hannu ba tare da ya sani ba, ya kama tsirkiyar da hagu. Joda bai dake shi ba. Ya karɓe bakan kawai ya ce a gidansu bahago ba ya ɗaukar kwari. Gogo, ƙanwar Joda, ita ta ɗauki aikin gyara: ta naɗe masa hannun hagu da tsumma tun daga tashin shanu har dawowarsu, damina guda cur. Hannun ya gyaru. Ya koyi tatsa da dama, da karɓa da dama, da gaisuwa da dama. Ya yi ta jiran Joda ya lura. Joda bai sake tayar da maganar ba.

"Da hagu," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa.

Alhaji Babaji ya ce to ai shi ke nan, baka ya sami mai shi, saura a nemo masa ɗankwali mai launin. Masu ɗinkin takalmi suka kwashe da dariya. Yunus ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ɗan Joda da bakan 'yan mata. Ya ce wa Malama a hankali ko ba za a roƙi Alhaji shuɗin ba, zai saba da shi, ai ya saba da komai da dama.

Ta ce zai iya. Zai ja da kafaɗar da bijimi ya lalata, ya yi saiti da idon da ba ya ganin agogo, bayan wata biyu ya rataye shi kusa da na mahaifinsa. Ta ce ita ba launi take zaɓa masa ba. Ta sa ya buɗe hannayensa ya jingina da bango, ta auna shi da tef ɗin tela daga yatsa zuwa yatsa, ta ɗauko ɗan makulli daga jakarta ta kwance wasu notuna a jikin tayoyin ta matsar, ta sassauta wasu har nauyin jan ya sauka. Sannan ta nemi kibiya ɗaya daga cikin waɗanda suka zo da kayan, ta ce su fita baya.

Bayan shagon akwai wani kango da Alhaji ke tara buhunan tsumma. Ruwan ya tsagaita. Ta jingina buhu ɗaya da bango, ta ja Yunus baya kaɗan, ta ɗora masa bakan a hannun dama. Ya ji abin banbaraƙwai, kamar ya sa takalmin wani. Yatsunsa na hagu suka kai kan tsirkiyar da kansu, kuma kafin ya ankara ya fara ja, kunnensa na karkatowa.

"Kibiya tukuna," in ji ta.

Ya mayar da tsirkiyar a hankali, gumi na keto masa. Ta maƙala kibiyar. Ya ja. Da farko bakan ya yi gardama, raunin damtsensa ya buɗe, ya ji kamar ba zai kai ba. Sai tayoyin suka juya, nauyin ya zube gaba ɗaya, ya tsinci kansa tsaye da tsirkiya a gefen baki, yana riƙe da ita kamar zaren ɗinki. Kafaɗar dama ba ta ce komai ba. Buhun ya tsaya cak a idonsa na hagu.

Ya saki.

Bakan bai yi wata murya ba, ɗan tsaki kawai. Kibiyar ta nutse a gefen buhun, can ƙasa, kusa da ɗinki. Malama Hanatu ta ce ba laifi, ranar Asabar ya zo da wuri, kuma in ta sake jin ya saki fayau ita da kanta za ta karɓe. Ta duba agogonta ta ce tana da aji. Alhaji Babaji ya ce da dai buhun ɓarawo ne da ya rasa ɗan yatsan ƙafa. Suka daidaita a kan bakan, kowa ya koma harkarsa.

Yunus ya naɗe shi a buhun siminti ya kama hanya. A bakin titi ya hango abokan lodinsa suna shan shayi, ya rage tafiya, sai ya tuna launin abin da ke cikin buhun ya wuce. Ya zaro waya ya duba sunayen ciki. Dillalai ne da direbobi. Gogo ta rasu bara. Ya mayar da wayar aljihu.

A ɗaki ya buga ƙusa a bango, ƙasa da ta Joda, ya rataye sabon. Baƙin itacen da hannu ya goge har yana ƙyalli, da ruwan hoda mai malam-buɗe-littafi. Ya zauna a tabarma yana kallonsu. Ya ɗaga hannun hagu ya juya shi, ya buɗe, ya dunƙule. Ya dubi bakan mahaifinsa ya ce, "Baffa, na harba," sai ya ji kunyar muryarsa a ɗakin da babu kowa.

Ana kiran la'asar ya ji mota ta tsaya a bakin lungu, abin da ba a saba ba, don lungun ba ya ɗaukar mota. Aka yi sallama sau ɗaya, ba a jira amsa ba aka ɗaga labule.

Dogon mutum ne, baƙi, da zanen Barebari a kumatu, rigarsa ja ta sha layu, taɓo har gwiwa. A bayansa Yunus ya hango a-kori-kura cike da mutane masu bindigogin toka. Mutumin ya dubi bango. Idonsa ya tsallake ruwan hodar ya tsaya a kan baƙin bakan Joda, ya daɗe a can.

Ya ce sunansa Babakura, kuma sun yi daji da Joda shekaru masu yawa. Ya ce an kore garke guda a bayan Nangere da safiyar nan, an tafi da makiyayin, sawun bai huce ba. Yana cikin kasuwa neman mutane ya ji masu ɗinkin takalmi suna cewa ɗan Joda ya ja bakan Turawa har ya tarwatse a hannunsa.

Yunus ya buɗe baki zai ce kibiya ɗaya ya taɓa harbawa a rayuwarsa, ita ma a buhu.

"Na daɗe ina tambaya ko Joda ya bar magaji," in ji Babakura. Ya miƙa hannu ya sauko da baƙin bakan daga ƙusa, ya ɗora wa Yunus a hannun hagu. "Tashi, ɗan Joda. Rana na tafiya."