Kwalbar Maganin Laulayi

"Giya? Ni?" Wata mata mai ɗinki ta dafe ƙirji. "Malama, ki dubi Allah. Ko warinta ban sani ba."

Malama Lissafi, kamar yadda ake kiranta a ofishin bincike, ta gyara zama a bencin asibitin. Cikinta ya shiga wata na biyar, benci kuwa bai san tausayin mai ciki ba. Aikinta shi ne ta tattara bayanan uwaye da 'ya'yansu, ta auna yadda shan barasa lokacin da ake da ciki yake taɓa karatun yaro da halayyarsa. Lissafin ya tafi yadda aka zata, sai wani rukuni da ya ƙi zama inda aka ajiye shi. Uwayen sun rantse ba su taɓa sha ba, amma 'ya'yansu na fama da mantuwa da rashin natsuwa a aji kamar 'ya'yan masu sha. Shugabanta ya ce kunya ce ta sa su ƙarya, a cire su a wuce wurin. Ita kuwa ba ta iya cire mutum daga lissafi ba ta ga idonsa ba. Shi ya sa ta nemi mai ɗinkin nan, ɗaya daga cikin uwayen.

"Yaya 'yar taki a makaranta?" ta tambaya.

"Tana nan tana maimaita aji. Ga kirki, ga son mutane, amma ki koya mata abu da safe, kafin rana ta take ya bi iska. Babanta ya ce ni ta gado." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai zuci ba.

"Da kina da cikinta, me kike ci, me kike sha?"

"Ina na ga ta ci! Laulayi ya kusa aika ni lahira. Maganin kasuwa ne ya cece ni, na kwalba ɗin nan mai saiwoyi a ciki. Murfi guda da safe, guda da yamma, in abin ya motsa in ƙara. Har na haihu ban rabu da shi ba. Yana da zafi a maƙogwaro, amma da ya sauka sai ki ji jiki ya saki."

Biron Malama Lissafi ya tsaya. Ta san wannan zafin. Tun da ta fara amai mahaifiyarta ta aiko mata da irin kwalbar, ita kuma mai tuhumar kowace lamba ba ta taɓa tuhumar abin da ya fito daga hannun Mama ba. Ko da safen nan ta sha.

Ta yi wa mai ɗinkin godiya, ta wuce ɗakin magani, ta fito da kwalbar daga jaka. Mai harhaɗa maganin ya buɗe, ya shinshina, ya yatsine fuska. Ya zuba kaɗan a cokali, ya ƙyasta ashana, wata shuɗiyar wuta ta kama tana lilo.

"Da barasa suke jiƙa saiwoyin don kada su ruɓe," ya ce. "Ta wa ce?"

"Tawa ce."

Ya dubi cikinta, ya kashe wutar. Tsoro ya kama ta sosai. Ta san alƙaluman nan kamar yunwar cikinta, amma alƙaluma a kan jama'a suke magana, ba su da abin faɗa a kan wannan guda ɗayan da ya fara motsi a cikinta makon jiya.

"Ki daina daga yau, ki kuma gaya wa likitarki," ya ce a hankali. "Da yawa suna fitowa lafiya lau."

"Na sani. Ni nake rubuta 'da yawa' ɗin."

A tashar mota ta kira mahaifiyarta. Ta so ta yi faɗa, da ta ji muryar sai faɗan ya gagara.

"Mama, maganin nan da kika aiko mini..."

"Ya ƙare ko? Ai na ce miki akwai kyau! Ke da ko ruwa ba ya zama miki, yanzu ga ki kina yawon asibitoci kina damun matan mutane da tambaya."

"A'a, da saura. Mama, kin ba wani ban da ni?"

"Ƙanwarki mana. Ba ta gaya miki ba? Ita ma ta samu juna biyu, kunya take ji. Jiya na kai mata babbar kwalba, na ce ta fara yau da yamma."

Malama Lissafi ta dubi agogo. Motar da za ta mayar da ita ofis ta cika, kwandasta yana buga ƙofa yana kiran mutum ɗaya, shugabanta kuma yana can yana jiran sakamako.

"To Mama, zan kira ki anjima."

Ta tallafe cikinta da hannu ɗaya, ta tsallaka titi, ta tsayar da motar da ke bi ta unguwar ƙanwarta.