Saukowar Kuramochi

Shekarun Kuramochi hamsin da bakwai, talatin da huɗu daga ciki ya ƙarar da su a kamfani ɗaya yana sayar da famfunan ruwa. A ofis kowa yabonsa yake yi. A gida kuwa baƙo ne, ya ci shinkafa, ya yi wanka, ya kwanta.

Matarsa Tokiko 'yar Niigata ce, inda dusar ƙanƙara take binne ƙofar gida duk shekara. Tun tana amarya abu ɗaya take roƙonsa: su je garinsu lokacin sanyi, su hau dutsen bayan gidan mahaifinta, su sauko tare a kan katakon zamiya. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba, sai baɗi idan aiki ya yi sauƙi. Mahaifin ya rasu ana jiran baɗin. Bana da 'yarsu Chie ta yi aure, Tokiko ta zuba masa shayi wata safiya, ta ce, "Baban Chie, a Disamba zan tafi gida. Tikitin zuwa kaɗai na saya."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda na gaji da haɗiyewa ce."

Bai ba ta haƙuri ba, don bai san yadda ake ba mace haƙuri ba, shugabanni kaɗai ya iya. Amma tsoro ya kama shi ƙwarai. Ranar Asabar ya ce mata zai leƙa ofis, ƙaryar da ba ta buƙatar ado, ya hau jirgin ƙasa zuwa wata ƙatuwar rumfa a bayan gari inda inji yake yin dusar ƙanƙara a kan gangare. A waje zafin Satumba na sa mutum jiƙewa da gumi. A ciki sanyi kamar ɗakin ajiyar kifi.

Tun daga takalman zamiyar da aka ba shi, wulaƙanci ya fara. Suka matse masa ƙwauri, yana tafiya kamar wanda aka sa wa mari. Aka haɗa shi da mai koyarwa, Malama Nagumo, mace mai kusan shekarunsa, wadda ba ta san a rarrashi babba ba.

"Haɗa hancin katakon biyu, ka buɗe bayansu. Yawwa. Durƙusa kaɗan, ka kawo ƙirjinka gaba. Gaba na ce! Kujera kake nema a bayanka? Babu kujera a nan, Malam."

Abin da ya gagare shi ke nan. Da zarar katakon sun motsa sai ya ja jiki baya, ƙafafun su yi gaba su bar shi, ya zauna daɓas. Yara 'yan shekara biyar suna wuce shi fuu, wani ma yana waiwayowa. Duk faɗuwa sai ya ba Malama haƙuri, ya ba wanda ya kusa bugewa haƙuri, har ragar ƙasan gangaren da ta tare shi ya taɓa ba haƙuri.

"Ni ba haƙuri nake so ba," in ji Nagumo. "Nauyinka nake so a gaba. Me kake yi wa rowarsa?"

Asabar shida yana wannan fama, bai taɓa kaiwa ƙasa a tsaye ba. Mazaunansa suka yi baƙi, ya koma zama a karkace wajen cin abinci. Tokiko tana kallo, har ranar da ta ciro jiƙaƙƙiyar safar hannu daga jakarsa.

"Ofishin naku ƙanƙara ake zubawa yanzu?"

Ya faɗa mata gaskiya, kansa a ƙasa. Ta daɗe tana juya safar. Sannan ta tashi ta ƙara masa yankin kifi a kan shinkafa, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba.

"Asabar mai zuwa zan zo in gani," ta ce. "Ban yi maka alkawarin komai ba fa."

Ta zo kuwa. Ta tsaya a ƙasan gangaren, bayan raga, cikin wata jar rigar sanyi da ya sani tun kafin aurensu. Daga sama yana hango ta. Nagumo ta gyara masa hula.

"Ka bar wayarka a akwatin ajiya?"

"Na bari," in ji shi.

Bai bari ba. Tun ranar da kamfani ya ba shi waya, bai taɓa barinta ta yi ƙara sau uku ba. Yana daidaita hancin katakon a bakin gangare sai ga ta tana rawa a aljihun ƙirjinsa. Kafin ya yi tunani haƙoransa sun cire safar hannu, wayar tana kunnensa. Hirabayashi ne, shugaban sashensu, wanda Kuramochi ya girme shi da shekara goma.

"Kuramochi ne, ranka ya daɗe."

Ya rusuna, yadda kowa yake rusuna wa babba a waya ko da babban ba ya ganinsa. Gwiwa ta lanƙwashe, ƙirji ya yi gaba, ƙwauri ya danne takalmi. Katakon suka tafi da shi salin-alin.

"E, Yallaɓai. Laifina ne. A gafarce ni."

Kowace gafara da sunkuyawarta, kowace sunkuyawa tana ƙara zaunar da shi daram a kan katakon. Bai ji tsoron gangare ba, don tsoron da ya fi shi yana kunnensa. Ya ratsa tsakanin yara, ya sauko sumul, ya tsaya cak taku biyu daga ragar. Can sama Nagumo tana tafi tana ihu, "Haka nan! Abin da nake ta faɗa maka ke nan!"

Tokiko ta buɗe baki za ta yi magana. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya, alamar ta ɗan jira. Ta san yatsan nan. Ta gan shi a asibiti ranar haihuwar Chie, ta gan shi a wurin makokin mahaifinta.

"Disamba? A'a, ranka ya daɗe, ina nan. Ba inda zan je."

Maganar ta fita da kanta, kamar atishawa. Sai da ya kashe wayar ya ji abin da ya faɗa, ya kuma lura da inda yake tsaye.

"Tokiko, kin gani? Na sauko. Ban faɗi ba."

"Na gani," ta ce. Muryarta ba faɗa a ciki, hakan ya fi ba shi tsoro. "Ashe ka iya tun tuni. Shekara talatin ina jira ka sauko, ka kuwa sauko da kyau, Baban Chie. Ba wurina ka sauko ba ne kawai."

Ta haɗa hannuwa a gaba ta rusuna masa, irin rusunawar da take yi wa mai kawo wasiƙa, ta juya ta nufi ƙofa.

Ya yunƙura zai bi ta, ya manta ƙafafunsa a ɗaure suke. Tsoro ya ja shi baya, katakon suka zame, ya zauna daɓas. Yana ta kokawar ɓalle takalmin da yatsu masu sanyi, jar rigar ta shige cikin mutane. Ya rasa wanda zai ba haƙuri.

Nagumo ta sauko ta tsaya a kansa, fuskarta cike da murna, ta miƙo masa safar da ya yar.

"Tashi mu koma sama maza, tun jikinka bai manta ba."

"Ba zai manta ba, Malama," in ji Kuramochi. Ya karɓi safar da hannu biyu, a zaune a kan ƙanƙara, ya sunkuyar da kai.