Tuntuɓen Waƙa Ta Biyar

Faifai tara ƙungiyarmu ta kiɗa ta yi a shekara talatin da huɗu, kuma babu wanda muke jin kunyarsa kamar na uku. A gareji muka naɗe shi, ni ina kan ganguna da wuyan hannu a ɗaure, don na faɗo daga babur. Duk wanda ya san kiɗan rok zai ji yadda hannuna na hagu ke makara a waƙa ta biyar, kamar mai ɗingishi. Shekara da shekaru Dogo, mawaƙinmu, yana yi mini gori a kai.

Sai kamfanin da ke sayar da waƙoƙinmu ya yi bincike, wai a gano faifan da matasa suka fi saurare. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ba na bakwai ba, da muka yi wata shida muna gyarawa. Na uku! Wai shi ne mai rai. Jikata, 'yar shekara sha biyar, ta ce ajinsu kaf sun haddace shi.

Ran nan sai ga Dogo a gidana, shi da rabonsa da ƙofata tun jikar nan tana rarrafe.

"Abokina, za mu zaga gari-gari da faifai na uku," in ji shi. "Tuntuɓen nan naka, yaya ma kake yinsa? Nuna mini in ɗauka a waya, don tarihi."

Bakina har kunne. Na goge gangunan, na nuna masa sau shida, a hankali, har da yadda nake sauke kafaɗa don zafin ya ragu. Yana tafiya na shiga atisaye. Mako biyar ina yi, maƙwabta na ƙorafi, matata na shafa mini man zafi tana tsaki. Har sabbin sanduna na saya.

Dogo bai kira ba. Na ce aiki ne ya yi masa yawa.

Wata Asabar da rana jikata ta shigo falo a guje da wayarta.

"Kaka, an saki tallan zagayenku! Ga su Baba Dogo!"

Na sa tabarau. Ga Dogo ya rine furfura, ga masu jitarmu biyu. A bayan ganguna kuwa wani saurayi ne, da ƙyar in ya kai ashirin da biyar. Waƙa ta biyar suke yi. Da ya zo daidai wurin, sai ya sauke kafaɗar hagu, ya makara. Wallahi ni kaina ban taɓa yin kuskuren nan da kyau haka ba.

An ci amanata, kuma ni na zauna na koyar da darasin, sau shida, ina murna.

Jikata ta dube ni, ta dubi sabbin sandunan da ke kan tebur, ta rage murya.

"Kaka, har kafaɗa irin taka yake yi. Shi ma hannunsa ciwo yake?"

"A'a," na ce. "Shi babu abin da ke yi masa ciwo."