Ɗuri Biyu

Shekara arba'in Hadijatu tana kallon mijinta Datti yana ɗura bindigar toka a gindin darbejiyar tsakar gida, har ta haddace aikin ba tare da ta taɓa riƙe bindiga ba. In zabi zai nema, albarushi kaɗan ne da ƙananan dalma kamar ƙwayar dawa. In babban nama ne, sai ya ƙara awo ya zaɓi dunƙulalliya guda. Ya gama, ya zura sandar ɗuri a bakin bindiga, ya auna abin da ya rage a waje da yatsunsa. Ɗurin Datti bai taɓa wuce yatsa huɗu ba, duk Kurmin Kogi an san haka.

Tun bara mantuwa ta fara kama shi. Yakan tambaye ta ko ya yi sallar Azahar, alhali bai jima da naɗe tabarmar ba. Ita ke rufa masa asiri, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai.

Ran nan da hantsi ƙanensa Uwaisu ya zo da kuka: gadu, wato aladen daji, ya hana shi sakat a gonar rake. Datti ya ɗauko bindiga ya yi mata ɗurin babban nama, ya jingine ta. Sai aka yi sallama a zaure, ya fita. Gaisuwa ta yi tsawo, don mutumin ba ya gaisuwar tsaye. Da ya dawo ya zauna, ya jawo ƙahon albarushi, ya sake aunawa, ya sake zubawa, ya bi da dalma.

Uwaisu na can yana duba wayarsa. Hadijatu kaɗai ta gani, daga inda take tankaɗe. Ta san abin da ɗuri biyu ke yi wa tsohon ƙarfe da mai riƙe da shi. Ta kuma san in ta ce "Malam, ka manta" a gaban ƙanensa, ta kwance masa zani a kasuwa.

Ta ajiye rariya ta matso ta durƙusa.

"Malam, auna mini ɗurin nan in gani, yadda ka nuna mini ina amarya."

"Yau kuma tsufa ya tashi?" in ji shi, yana murmushi.

Ya zura sandar, ya jera yatsu huɗu a kanta. Sanda ta rage. Ya ɗora na ɗaya hannun, su ma suka samu wuri. Murmushin ya tafi. Ya daɗe yana kallon hannayensa biyu.

"Tun yaushe nake wannan mantuwa?" Ya yi tambayar a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji.

"Tun kakar bara, Malam."

Ya gyaɗa kai. "Uwaisu, tafi Gubuchi wurin Yahya maharbi. Ka ce ni na aiko ka, ya je maka gonar."

"Yaya, kai fa?"

Datti ya miƙa wa Hadijatu hannu, ta gane, ta ɗauko masa butar alwalarsa. Ya tsayar da bindigar tsakanin gwiwoyinsa, ya yi bismilla, ya riƙa tsiyaya ruwa a bakin bindigar don albarushin ya jiƙe ya mutu, har ta cika ta tumbatsa.